Yadda Muka Samo wa Saratu Tarakta

Fita daga Bungudu

Ladan yana kiran assalatu muka fito daga gida, ni da matata Saratu. Ina riƙe da cocila, ita kuma ta rungumo jakar da ta zuba mana dafaffen ƙwai da ƙuli-ƙuli. Yara mun bar su hannun maƙwabciya. Ƙarshen bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, ko da asuba ganye ba ya motsi.

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Ni malamin makaranta ne, mutumin kudancin Zariya, aiki ya kawo ni Bungudu tun ina saurayi. A shekarun nan da gwamnati ta buɗe makarantun firamare ko'ina, sai hedimastoci suka yi ƙaranci, aka ce in koma ƙasar Yawuri in riƙe wata sabuwa. Saratu ta ce ba za ta bi ni ba tukuna. Ba faɗa muka yi ba. Tana da gona a bakin gulbi, wadda ta yi shekaru tana zuba wa taki har ƙasar ta yi baƙi. Daga nan abincinmu yake fitowa, daga nan ake biya wa babbar 'yarmu Rifkatu kuɗin makarantar kwana. Shanun huɗarmu biyu ne, ɗaya ya mutu da rani, ni kuma da nake riƙe garma ran Asabar da lokacin hutu ga shi zan tafi. Taraktar haya ta ofishin gona kuwa, sai ciyawa ta kai gwiwa layi yake zuwa kanmu. Shi ne muka haɗa ariyas ɗina, wato bashin albashi da aka biya ni, da kuɗin audugarta, muka ce mu je mu ga ko akwai ƙaramar tarakta da mace za ta iya sarrafawa ita kaɗai.

A bakin titi muka sami a-kori-kurar Mamman tana lodin albasa zuwa Gusau. Ya haska mu ya ce, "Malam Yohanna, ina zuwa da uwargida cikin wanga duhu? Asibiti?"

Na ce, "Tarakta za mu dubo."

"Taka ko ta makaranta?"

Na nuna Saratu. Ya fashe da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, sai ya gyara hula ya ce, "To, Allah shi sa albarka. Ku shiga gaba." Sule biyar-biyar ya karɓa, don Mamman har lokacin da sule yake lissafi, ko da yake Naira ta daɗe da shigowa.

Gusau

Tafiyar ba ta da tsawo, mil goma da 'yan kai. Mun shiga gari jiniyar masaƙa tana busawa, ma'aikata sun cika titi a kan kekuna. Muka sha koko da ƙosai a tasha, sannan muka wuce kwatas ɗin reluwe, gidan Bulus, yayan Saratu, wanda yake aiki a ɗakin awon kaya na tashar jirgi. Muka ajiye jaka, muka wanke fuska, muka nufi filin da ake sayar da injinan noma.

Akawun wurin mutum ne mai fara'a, ya tarbe mu da hannu biyu, ya kai mu gaban wata jar tarakta sabuwa fil, tayarta ta baya ta kusa kai mini kafaɗa. Na hau. Gaskiya zan faɗa, da na zauna can sama na kama sitiyari, na hango rufin kwanon gidaje, sai na ji kamar ni ne gwamna. Na manta ma ba ni zan tuƙa ba.

Saratu ta ce, "Malam, sauko in gwada."

Saratu gajeriya ce, amma ba a raina ta a gona. Ta ɗaure zane tamau, ta kama ƙarfe ta haye. Da ta zauna, ƙafarta ba ta kai ga kuloci ba. Ta zamo bakin kujera, yatsunta suka taɓa shi, ya ƙi motsi. Sai da ta miƙe tsaye ta sa nauyinta duka sannan ya shiga. Leburorin wurin suka bar aiki suna kallo. Ta sauko tana goge hannu, ta ce, "Wannan ba tawa ba ce."

Akawu ya ce akwai wata. Ya kai mu bayan rumfa, ya nuna mana wata mai ƙafa biyu, da hannuwa dogaye kamar na garmar shanu, mutum yana bin ta a baya a ƙasa. Da wani ƙarfe ake murza ta a tayar. Ni na murza sau uku kafin ta kama, kafaɗata tana zafi. Saratu ta karɓi hannuwan, aka sa giya, injin ya fizge ta gaba, ta bi shi da gudu-gudu har bakin shinge kafin akawu ya kashe. Ta tsaya tana haki, ta ce, "In bin baya ne, gara sa. Shi in na ce ya tsaya yana ji."

A hanyar komawa na kawo shawarar da ta ɓata mana yini. Na ce mu ɗauki babbar, tunda sun yarda a biya sannu a hankali, sabuwa ce kuma, sai mu ɗauki direba.

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. "Direba zai zo ranar da ya ga dama, ya tafi haya gonakin mutane da man da na saya, kai kana Yawuri. Wa zan kai wa ƙara?"

Na ce ai ana samun na kirki. Ta ce, "Kai dai ka ga ja ka ga tsawo." Ta wuce gaba ta bar ni a baya har gidan Bulus. Ni ma na yi fushi, don maganar tata akwai gaskiya a ciki.

Da yamma matar Bulus ta yi mana tuwon masara da miyar karkashi. Muna ci Bulus ya ji labari, ya ajiye loma ya ce, "Ku tsaya. Akwai wani Alhaji Maiwada na Tsafe da yake aiko gyaɗa ta wurinmu. Shekarun baya jirgi ya sauke masa wata 'yar shuɗiyar tarakta mai ƙafa huɗu, ba ta fi jaki biyu girma ba. Bana kuma ya karɓi babba. Ƙila ƙaramar tana zaune."

Bayan an kwashe kwanuka muka zauna a tabarma a tsakar gida. Saratu ce ta fara magana, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Malam, ba taurin kai nake yi ba. In ka tafi, so nake in tashi da safe in san aikina yana hannuna. In ba haka ba zan zauna ina jiranka, ina jiran direba, ina jiran ruwa. Jiran ruwa kaɗai ya ishe ni."

Na ce gobe mu yi sammako zuwa Tsafe.

Hanyar Tsafe

Da safe muka shiga kiya-kiya, ƙaramar bas ta haya, a tashar Funtuwa. An cika ta maƙil, har da wani rago da aka ɗaure a ƙarƙashin kujerar baya, wanda ya yi ta hura mini iska a agara. Titin kwalta ne, sai dai gefensa ya cinye, in babbar mota ta taho sai direbanmu ya sauka ƙasa. Dutsen Kwatarkwashi ya bayyana tun daga nesa, baƙi ƙirin, tsuntsaye suna shawagi a kansa. A nan akwai shingen 'yan sanda. Suka duba takardun direba, ɗaya ya leƙo ya tambayi mai ragon takardar sayensa, mai rago ya ce a gidansa aka haife shi, motar duka ta yi dariya, aka ɗaga mana sanda. Muka sayi fura da nono ta taga wurin wata Bafulatana.

Da muka wuce Kwatarkwashi ƙasa ta fara canzawa. Na ga jiƙa a gefen hanya, na ga mutane a gonaki da sungumi suna shuka. Wani dattijo kusa da ni ya ce ruwan farko ya sauka nan shekaranjiya. Saratu ta dube ni. Ruwan da ya sauka Tsafe ba ya daɗewa bai iso Bungudu ba.

Mun sauka Tsafe da hantsi, bayan tafiyar mil talatin da wani abu. Garin yana gindin duwatsu, bakin titi cike da masu rake da tsire da masu faci. Ba mu sha wahalar samun shagon Alhaji Maiwada ba, amma ba ya nan. Ƙanensa ya ce yana gona a 'Yankuzo tun da ruwa ya sauka, shi ma yanzu zai kai masa takin zamani a mota, in muna so mu hau. Muka hau bayan motar a kan buhuna. Hanyar burji ce mai gargada, na riƙe hula da hannu ɗaya, na riƙe ƙarfe da ɗaya.

'Yankuzo

Mun tarar da Alhaji a bakin gona, dogo, siriri, ya naɗe hannun riga yana kallon babbar taraktarsa tana aiki can nesa. Muka gaisa, na ambaci Bulus, fuskarsa ta saki. Ya kai mu ƙarƙashin wata ɗorawa, ya yaye wani tsohon tamfol.

Ga ta nan. Shuɗiya, fenti ya koɗe, fitila ɗaya ta fashe, bututun hayaƙi an ɗaure shi da waya. Kusa da ita ga garmarta da 'yar tirela. Bayan jar da na hau jiya, wannan kamar abin wasa take. Amma na lura Saratu ta zagaya ta sau biyu, na san ta kwanta mata a rai.

Alhaji ya shafa murfin injin ya ce, "Wagga ba ta da ƙiwuya. Man gas kaɗan taka sha. Gonata ce ta fi ƙarfinta, shi ya sa. Hau ka ji, Malam."

Na hau, gwiwoyina suka tokare sitiyari. Na ce, "Alhaji, ai ba ni ba ne. Mai ɗakina ce za ta riƙa aiki da ita."

Ya dube ni, ya dubi Saratu, ya sake dubana. "Mi kac ce?"

Na maimaita, na ba shi labarin canjin aikina. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai. Ya ce shi ba raini ba ne, amma ƙarfe ba ya da tausayi. Ya taɓa ganin tarakta ta kife da ƙato a bakin rafi. "In ta ji ciwo kana can nesa, mi zan ce ma Allah? Ni na sayar." Ya fara jawo tamfol zai mayar.

Lokacin ne wata tsohuwa ta iso, tana dogara sanda, wata mata tana biye da ita da ƙwaryar abinci. Mahaifiyar Alhaji ce, kowa Inna yake ce mata. Duk ranar da ake shuka sai ta zo gona, ko an hana ta. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta zauna a saiwar ɗorawa ta tambayi su wane ne baƙin. Alhaji ya gaya mata a taƙaice, yana murmushi, yana jiran ta taya shi.

Inna ta kira Saratu ta ce, "Miƙo hannunki, ɗiyata." Ta juya tafin, ta latsa kantar da ke wurin da babban yatsa. Sannan ta ɗaga kai ta ce, "Maiwada, shekarar da ubanka ya kwanta ciwo, wa ya noma dawar da kac ci?"

"Ke ce, Inna."

"Da goyon ƙanenka a baya. Wa ya tambaye ni ko ina iyawa? Ka koya mata. In ba ta iya ba, ta tahi gida da ƙafarta."

Alhaji ya ce, "To, Inna," ya sake yaye tamfol.

Abin da ya fara burge Saratu shi ne kujerar tana matsawa gaba. Alhaji ya ja wani ɗan ƙarfe, ta zo daidai, ƙafafunta suka sauka kan kuloci da burki tana zaune daram. Ba murzawa, makulli ne kamar na mota. Sanda ɗaya a gefen dama, in ka ja garma ta tashi, in ka tura ta sauka. Ya nuna mata sau biyu, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ta murɗa makulli, injin ya kama. Ta saki kuloci da sauri, tarakta ta yi tsalle ta mutu. Ta sake, ta sake mutuwa. A karo na uku ta tafi, ni kuma ban san lokacin da na bi ta a guje ba, ina ihu, "Burki! Saratu, hagu! Hagu!"

Inna ta buga sanda a ƙasa. "Kai, Malam! Zo nan ka zamna. Kai ne kake ruɗa ta."

Na dawo na zauna kusa da ita kamar ɗan aji ɗaya. Ta miƙo mini hoce, wainar dawa irin ta mutanen nan, da dakakken ƙuli. Ina ci ina kallo. Alhaji yana tafiya a gefen tarakta, hannunsa a bayansa, yana magana kaɗan-kaɗan. Layin farko ya fita a karkace, kamar hanyar maciji. A ƙarshen gona ta manta ta ɗaga garma, ta tono ciyawar iyaka. Na biyu ma bai miƙe ba. Amma ta daina kallon ƙafafunta, ta fara kallon gaba. Can na ga Alhaji ya tsaya, ya bar ta ta tafi ita kaɗai, ta kai ƙarshe, ta ɗaga garma, ta juyo, ta sauke. Da ta zo kusa da mu, fuskarta duk ƙura da gumi, haƙoranta a waje. Rabon da in ga wannan dariyar tun ranar da aka ce za a mayar da ni Yawuri.

Alhaji ya dawo inuwa yana sharce gumi. Ya ce, "Ni ranar da na fara, rumbun maƙwabcina na tunkuɗe." Ya juya wurin Saratu. "Abu guda zan roƙe ki. Kada ki bi gangaren gulbi a kaikaice. Ki hau shi tsaye, ki sauko tsaye. Ki yi mini alkawari gaban Inna." Ta yi.

Da la'asar Inna ta ce ƙafarta ta gaji, ba za ta taka zuwa gida ba. Alhaji ya ce a kawo mota. Ta ce a'a, a ɗaura tirela. Aka shimfiɗa mata tabarma a ciki, aka ɗaga ta aka zaunar, ta ɗora sanda a cinya. Saratu ta ja ta a giya ta ɗaya, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ni da Alhaji muna biye a ƙasa. Kafin mu kai ƙofar gida rabin ƙauyen ya fito. Mata suna leƙe ta saman danga, Inna tana ɗaga musu hannu.

A zaure muka yi ciniki bayan magariba, bai ja mu da nisa ba. Da aka zo kan tirela, sai saƙo ya fito daga cikin gida cewa Inna ta ce tirela ba ta cikin ciniki, ta ba ɗiyarta Saratu kyauta. Na kwana a ɗakin baƙi, Saratu ta kwana wurin Inna. Daga baya ta gaya mini tsohuwar ta yi ta tambayarta irin gyaɗar da take shukawa, har ta ɗaure mata iri a ƙyalle.

Komawa

Washegari Alhaji bai bar mu mun tafi da wuri ba. Ya sa Saratu ta duba baƙin mai da ruwa da hannunta, ta kwance matatar iska ta kakkaɓe, ta koyi yadda ake fitar da iska in man gas ya ƙare a hanya. Ya gaya mata sunan bakaniken da yake duba masa ita a Gusau da rumfar da yake zama. Sannan aka ja babbar motarsa, wadda dama za ta ɗauko kaya a Talatar Mafara, aka manna bayanta da wani tudu, aka hau da tarakta aka ɗaure da igiya.

Mun zauna gaba da direba. Duk ramin da muka faɗa sai Saratu ta leƙa ta 'yar tagar baya. A Kwatarkwashi ɗan sandan jiya ya karɓi takardar ciniki, ya karanta sunan da ke kai, ya leƙo ya ce, "Wace ce Saratu?" Ta ce ita ce. Ya ƙame ya sara mata, ya ce, "A sauka lafiya, direba."

A Gusau muka tsaya banki muka ciro kuɗin tarakta muka ba wakilin Alhaji na can, muka sayi duro guda na man gas, muka biya tashar jirgi. Bulus ya fito da alƙalami a kunne, ya hau taya ya leƙa, ya ce, "Ita ce! Ni na sa hannu ranar da ta sauka." Ya hana mu tafiya sai da ya saya mana burodi na tsarabar yara.

Mun iso Bungudu rana ta yi sanyi. Aka sauke ta a tudun da ake ɗibar ƙasa bayan gari, Saratu ta hau ta nufi gida, ni ina zaune cikin tirela rungume da duro. A ƙofar gida muka gane abin da ba wanda ya yi tunaninsa a cikinmu: ƙofar ba za ta ci tarakta ba. Muka tsaya muna kallon juna, maƙwabta suna ba da shawara iri-iri. Saratu ta sauko, ta shiga gida ta fito da adda, ta miƙo mini ta ce, "Malam, danga." Na sare dangar gefen rijiya, ta shige da ita ciki.

Ruwa ya sauka mana a makon. Na ga huɗar farko da idona kafin in tafi. Ina Yawuri da kamar wata guda, sai ga wani direban babbar mota ɗan Bungudu ya neme ni har makaranta, da ƙullin dakakken yaji da saƙon baki. Ya ce, "Uwargida ta ce a gaya maka kowa lafiya. Ta gama tata gonar, ta yi ma maƙwabta biyu. Ta ce kuma ka yi haƙuri, gwaibar nan taka ta tsakar gida, tana ja da baya ta kwantar da ita."

Na tambaye shi ko ta ji ciwo. Ya ce, "Ko ƙwarzane. Gwaiba dai ta tahi."

Ina gode wa Allah da Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Bulus da iyalinsa, da Alhaji Maiwada da ya koyar ba tare da tsawa ba, da Inna, wadda na ji ta riga mu gidan gaskiya bayan damina biyu, Allah Ya saka mata da alheri. Gwaiba kuwa na dasa wata da hutun Kirsimeti, can nesa, a bayan ɗakin girki.